Ranar da Na Cinye Aikin Digirina

A shekarata ta ƙarshe a jami'a malamina ya ɗora mini binciken hancin tarwaɗa. Eh, kifi yana da hanci, ni ma sai lokacin na sani. Ba da shi yake numfashi ba, aikinsa sansana ne kawai: ƙofa biyu a kowane gefe, ruwa ya shiga ta gaba ya fita ta baya. A tsakaninsu akwai ɗan nama mai ninki-ninki kamar ganyen dabino. Shi zan ciro in jiƙa a fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, a yanka shi siriri, kaurin maikiron 5 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a rina, in leƙa a maikiroskof, na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa.

Da kuɗin aro na sayo manyan tarwaɗa huɗu. Na datse kawunan, na ƙulle a baƙar leda, na cusa a firjin Goggona, tunda ɗakinmu na makaranta rabonsa da wuta har an manta. Ban gaya wa kowa ba.

Washegari na dawo da yunwa, na tarar gidan ya gauraye da ƙamshin farfesu. Goggo ta cika mini kwano. Ina ci ina zuba mata ilimi.

"Goggo, kin ga wannan 'yar ƙofar? A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu kama ƙamshi. Wasu na da gashi siriri a ka, wasu gajerun tsiro. Wasu kuma aikinsu kaɗa ruwa ya wuce, wasu fitar da majina."

"Majina kuma? A cikin abincin nawa?"

"Ai abin mamakin ƙwayoyin da ke can ƙasa ne, Goggo. Idan na sama suka mutu, su ke haifar sababbi. Shi ya sa tarwaɗa ke gano abinci a cikin ruwan taɓo da tsakar dare."

Na kafa baki a daidai wurin na zuƙe, zuuut. Sai a kai na uku na tsaya, na lura babu ko tsoka ɗaya ta jiki a kwanon.

"Goggo, ina kika samo kifin nan?"

"A firij mana, cikin baƙar leda. Na ce Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya fara cefane."

Na zura wa ƙasusuwan ido. Ƙwayoyin da na gama yabo duk suna cikin cikina, da citta da attaruhu.

Goggo ta leƙa tukunya ta ce, "Saura ɗaya, na Kawunka ne. Ka roƙe shi ya rage maka hancin."