Kafin ka saya wa Baba na'urar ji, kai shi a auna masa kunne

Tun daga ranar 17 ga Oktoban 2022, duk wanda ya kai shekara 18 a Amurka yana iya shiga kantin magani ko babban kanti ya sayi na'urar taimaka wa ji, ya maƙala a kunne, ba tare da takardar likita ba. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar, FDA, ita ta buɗe wannan ƙofa, shekara biyar bayan majalisa ta amince da ƙudurin da Sanata Elizabeth Warren da Sanata Chuck Grassley suka gabatar a 2017. Ita 'yar Dimokrat ce, shi ɗan Rifablikan, kuma ba kasafai ake ganin ɓangarorin nan biyu sun haɗa kai ba. Abin da ya haɗa su shi ne tsada.

Kafin wannan doka, na'ura ta kunne biyu a hannun ƙwararren kunne takan kai dala 4,000 ko fiye, kuma Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnati, ba ta biyan kuɗinta. Kamfanoni biyar ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar duniya: Sonova, Demant, WS Audiology, GN da Starkey. FDA ta ƙiyasta cewa Amurkawa manya kusan miliyan 30 ne za su amfana da na'urar, amma ɗaya cikin biyar kacal ke amfani da ita. Sauran suna zaune a gida suna ta cewa "me ka ce?" har iyalansu su gaji da maimaitawa, su daina sa su cikin hira. Duk wanda ya zauna da tsohon da jinsa ya yi rauni ya san yadda abin yake: ana dariya a tsakar gida, shi yana murmushi kawai don kada a gane bai ji ba, daga baya ma sai ya daina fitowa.

Saboda haka ina goyon bayan dokar, ba tare da wata tantama ba. Na'urar kanti ta sauko da farashi zuwa ɗaruruwan daloli, mai kyau kuma takan kai dubu ɗaya ko sama. Akwai ma hujja daga nahiyarmu. Masu bincike a Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu sun wallafa sakamakon wani gwaji a 2023, inda suka raba mutum 64 gida biyu: wasu suka daidaita na'urar da kansu ta waya, wasu ƙwararre ya daidaita musu. Bayan mako shida ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Gwajin ƙarami ne, kuma cikin masu binciken akwai mai alaƙa da kamfanin da ya ƙera na'urar, amma dai ya nuna cewa mutum mai natsuwa zai iya taimakon kansa. A Satumbar 2024 kuma FDA ta amince da manhajar da ke mayar da AirPods Pro 2, abin sauraren waya na kamfanin Apple da ake maƙalawa a kunne, na'urar ji.

Sai dai dokar tana da iyaka, kuma masu talla ba sa son a karanta wannan iyakar. An yi na'urar kanti ne don baligi mai raunin ji ɗan kaɗan ko matsakaici: wanda ke jin magana idan an zauna shiru, amma ta kuɓuce masa a wurin biki ko cikin kasuwa, wanda ke ƙure muryar rediyo har mutanen gida su yi ƙorafi. An kuma ƙayyade ƙarfinta don kada ta lalata ragowar jin da ke akwai. Wanda ba ya ji sai an ɗaga masa murya a kusa da kunne ya wuce wannan mataki, na'urar kanti ba za ta kai masa ba. Lamarin kamar tabaran karatu ne da ake saya a kasuwa: yana amfanar wanda shekaru suka rage masa gani, amma bai san yanar ido ba.

A nan ne nake ganin ana kuskuren tambayar. Mutane na tambaya wacce ta fi, ta kanti ko ta likita, alhali abin da ya kamata a fara sani shi ne me ya hana kunnen ji. Wani dattin kunne ne kawai ya toshe hanya, a wanke masa cikin 'yan mintoci ya koma daidai. Wani dodon kunnensa ne ya huje, wani ruwa ne ya taru a bayansa. Waɗannan magani suke so ko tiyata. FDA da kanta ta tilasta a rubuta alamomin haɗari a jikin kwalin: kunne mai zubar da ruwa, mugunya ko jini, ciwo, jiri, ƙara a kunne ɗaya, ko kunne ɗaya ya fi ɗaya rauni sosai. Mafi gaggawa shi ne mutum ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya. Irin wannan asibiti yake buƙata nan take, domin maganin da ake bayarwa ya fi aiki a cikin makonni biyun farko. Wanda ya ɓata lokacin yana jiran saƙon na'ura ya iso, yana iya rasa kunnen har abada.

Kuɗin da ake biyan ƙwararre ba na roba da batir ba ne kawai. Yana auna kowane kunne daban, ya gano waɗanne sautuka ne suka ɓace. A tsufa siraran sautuka ne ke fara tafiya, shi ya sa tsoho ke jin muryar jikarsa amma bai gane kalmomin ba. Sai a saita na'urar ta ɗaga abin da ya ɓace kaɗai, a gwada ta a cikin kunnen, a sake gyarawa bayan makonni, domin ƙwaƙwalwa tana ɗaukar lokaci kafin ta saba. Na'urori da yawa a cikin akwati suke ƙarewa saboda babu wanda ya zauna da mai su a waɗannan makonnin.

Yara kuwa babu zancen kanti sam. Dokar ta hana, kuma daidai ta yi. Yaron da bai ji da kyau ba, maganarsa da karatunsa ne ke cikin haɗari, kunnensa kuma yana girma, dole ƙwararre ya riƙa bin sa.

Wannan dokar Amurka ce, amma kayan ba sa tsayawa a Amurka. 'Yan'uwa mazauna can suna aiko su, kuma shagunan intanet cike suke da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji mai buƙatar kulawa, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Dalilan kurumta a wajenmu kuma sun sha bamban da na tsohon da ke jihar Florida ta Amurka: sanƙarau, ƙyanda, ciwon kunne da aka bari ya daɗe yana zuba, allurai irin su jentamaisin da ake yi barkatai, ƙarar injin niƙa da janareta. Da yawa cikin waɗannan suna barin rauni mai tsanani, ko kunnen da ba ya son a toshe shi da komai. Ga kuma wani abin da ya fi damuna: yawancin masu arahar da ake tallatawa ba na'urar ji ba ce, amsa-kuwwa ce ƙarama mai ɗaga kowane sauti baki ɗaya, muryar mutum da hon ɗin mota duka. Araha ba ta ado, a nan kuma tana iya ƙara ɓarna.

Ƙwararrun kunne sun yi mana kaɗan, wannan gaskiya ne, kuma ba kowa ke iya zuwa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa ba. Idan aka ce dole kowa ya bi ta hannun likita a kowane mataki, an yanke wa yawancin mutane hukuncin zama babu ji. Amma awo sau ɗaya abu ne mai yiwuwa, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na na'urar ba. Idan takardar awon ta nuna rauni ɗan kaɗan ko matsakaici a kunnuwa biyu, babu ciwo babu zuba, to a sayi ta kanti da kwanciyar hankali. A zaɓi wadda za a iya mayarwa idan ba ta dace ba, a tabbatar ana samun batirinta ko akwai wutar yi mata caji, a kuma sami yaro a gidan da zai iya saita wa Baba ita a waya. Idan takardar ta nuna fiye da haka, a haɗa kuɗin a cikin dangi a bi ta hannun ƙwararre.