Nasiha ga manyanmu a aikin jinya game da soke gardi

'Yan uwana ma'aikatan jinya na Tahoua, musamman ku majo-majo, shugabannin ɗakunan jinya, da kuke tsara jadawalin gardi (wato zaman aikin da ake raba wa kowa a asibiti), ina roƙonku ku sake duba al'adar nan ta soke gardin ƙananan ma'aikata da farko duk lokacin da marasa lafiya suka ragu a ɗaki. A asibitocin Amurka, inda ake biyan mai jinya bisa awannin da ya yi, wannan magana ta daɗe tana jawo gardama, domin wasu asibitoci suna fara soke aikin sabon shiga, wasu kuma suna bin layi ta yadda kowa zai ɗanɗana. Mu ma a nan, a kilinik masu zaman kansu da ake biyan mutum bisa yawan gardinsa, matsalar ɗaya ce.

Ba na musun haƙƙin wanda ya daɗe, domin shekarun da ya kwana a kan marasa lafiya ba abin rainawa ba ne. Amma ku tuna da watannin Agusta da Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake cika gadaje da yara, ana ƙarin ruwa da ƙarin jini har asuba: waɗannan matasa da suka fito daga makarantar kiwon lafiya su ake kira su ninka gardi, kuma ba sa ƙi. To, da wane dalili za a ce idan aiki ya lafa su kaɗai za su koma gida hannu rabbana, alhali su ne masu ƙaramin albashi, ga kuɗin haya, ga iyaye a ƙauye suna jiran aike? Hausawa sun ce babba juji ne, kuma ni ina ganin rabin girmansa yana cikin ɗaukar rabonsa na asara.

Akwai kuma maslahar majinyaci. Yarinyar da ake yawan soke wa gardi ba za ta ƙware wajen neman jijiyar jariri ba, gobe kuwa ita za a bar wa ɗakin da dare.

Shawarata ita ce a fara tambayar mai son hutu da kansa. Idan ba a samu ba, a bi layi cikin littafi buɗaɗɗe wanda kowa zai iya dubawa, da sunan babba da na ƙarami, muddin kowane gardi yana da gogagge guda a ciki. Sannan a sanar da mutum tun da wuri, kafin ya biya kabu-kabu ya iso bakin asibiti.