Wa ya kamata a yaba wa a Sashen Ayyuka na jami'a?

Duk ƙarshen shekara sai ka ga hotuna daga jami'o'inmu: an tara ma'aikatan Sashen Ayyuka, an miƙa wa mutum ɗaya takardar yabo da ambulan, an tafa. Wannan ba laifi. Inda na ja daga shi ne wajen zaɓen gwarzon. Kusan kullum wanda ya kwana yana tada janaretan da ya mutu a daren jarrabawa ake ba. Shi kuwa wanda nasa janaretan bai taɓa mutuwa ba, ko sunansa ba a sani ba a ofishin shugaban jami'a.

To ku dubi abin da mutumin nan yake yi. Kowace safiya kafin ya tada inji sai ya duba baƙin mai da ruwan lagireto da kan batir, ya zubar da ruwan da ya kwanta a gindin filtar gas. Yawancin manyan janaretoci ana juye musu baƙin mai a canja filta bayan awa 250. Injin da ke aiki awa 10 a rana zai cinye wannan cikin kwana 25, wato kusan kowane wata ke nan. Idan takardar neman kuɗin sabis ta yi wata biyu tana yawo tsakanin ofisoshi, man ya kai awa 600, ya gaji, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Da hunturu kuma ƙura ta toshe filtar iska da lagireto, injin ya yi zafi ya dinga baƙin hayaƙi. Wanda ya hana duk wannan faruwa ya ceto wa jami'a kuɗin sauke inji, amma da yake babu abin da ya lalace, babu labari.

Haka batun ruwa. Abu biyu ne suka fi ƙona sumo, wato injin jawo ruwa da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse: ya ci gaba da juyawa bayan ruwan rijiya ya ja ƙasa, musamman a watan Maris da Afrilu, ko layi ɗaya cikin ukun wutar ya faɗi injin bai tsaya ba. Akwai 'yar na'urar kariya da ake sawa a akwatin wuta ta kashe shi da kanta, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na sabon sumo ba. Sau da yawa mai kula da famfo ya rubuta ya nema, an ce babu kuɗi. Ranar da sumon ya ƙone sai an zaro bututu ɗaya bayan ɗaya, ɗalibai su yi kwanaki suna bin 'yan garuwa, sannan a fara neman wanda za a ba takardar tuhuma. Ko garin shan danshin da ke jikin taransifoma, da ya juya daga shuɗi zuwa ruwan hoda ya kamata a canja shi, amma sai taransifomar ta buga ake tunawa.

TETFund, hukumar gwamnatin tarayya mai tallafa wa manyan makarantu da kuɗi, ta cika jami'o'i da sabbin gine-gine, madalla. Sai dai kowane sabon gini ƙarin famfo ne da ƙarin sokawe da ƙarin kwata da za a yashe kafin damina, ma'aikatan kuwa ba su ƙaru ba.

A ganina kwamitin yabo ya bar dogaro da abin da ya ji a baki, ya ɗauko littafin aiki na kowane ɗakin janareta da kowace rijiya. Awa nawa injin ya yi, sau nawa ya tsaya, an yi sabis a kan lokaci? Nan gwarzon yake. In za a sa labari a mujallar jami'a, a rubuta sunan kafinta da mai gyaran wutar da suka yi aikin, ba hoton darakta kaɗai ba. Masu shara da masu yankan ciyawa da ke ƙarƙashin 'yan kwangila su ma a kira su taron, don ko NASU, ƙungiyar ma'aikatan da ba malamai ba, ba ta da su a rajista balle a tuna da su.

Sannan kafin a buga takardar yabo, a sayi safar hannu ta aikin wuta, takalmin kariya da bel ɗin hawa falwaya. A biya kuɗin aikin dare a watan da aka yi shi. Wanda ya shekara da shekaru a mataki ɗaya saboda ba shi da takarda, a tura shi ya yi jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, jami'a ta biya masa kuɗin.