"Zuciya ta tsaya" ba sanadin mutuwa ba ne

Wannan takardar shaidar mutuwa da ake ta yawo da ita tun jiya, wai sanadi: "zuciya ta tsaya". Sannu da ƙoƙari, likita! Wane mamaci aka taɓa kaiwa maƙabartar Tudun Wada zuciyarsa na bugawa?

Fom ɗin nan layi-layi ne. Na sama abin da ya ƙarasa mutum, na ƙasa abin da ya faro matsalar. Ƙoda ta daina aiki saboda ciwon suga, suga ake ƙirgawa. Jini ya ƙare bayan hatsari a hanyar Abuja, hatsarin ake ƙirgawa. Layin ƙasan nan shi ake ba lambar ICD, wato lambar rarraba cututtuka ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Ka bar shi fayau, ka zubar da bayanin.

Masu lissafin inshora da fansho da shi suke aiki. A ware mamata sanadi-sanadi, maza daban, mata daban, rukunin shekara biyar-biyar, a raba da yawan masu rai a kowane rukuni, a bi shekaru a ga wanne ke hawa, wanne ke sauka. In tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro suka ja baya, waɗanda suka tsira za su tsufa, hawan jini da suga na jiransu. Kamfanin da ya ɗauki alkawarin biyan ɗan fansho har ƙarshen ransa, in bai hango wannan ba, kuɗinsa zai ƙare mutumin na nan daram. To da "tsufa" da "gajeruwar rashin lafiya" me za a hango?

Shi ya sa kamfanoni da yawa ke jingine da jadawalin mace-mace na A67/70, na Turawan Birtaniya da suka mutu tsakanin 1967 da 1970. Da shi ake yanka kuɗin inshorar malamin firamare a Rigasa.

Kar wani ya zo min da "ai ajali ne". Wa ya musa? Ajali ne, a rubuta sanadi. "Kafin la'asar mun binne"? Akwai tambayoyin da ake yi wa iyali bayan zaman makoki: kwana nawa yana tari, ƙafa ta kumbura, ya rame? Don Allah, 'yan'uwa likitoci, minti biyu ne. A rubuta sanadi.

Shekarun ma wani tashin hankalin ne. Ƙidayarmu ta ƙarshe 2006, kuma duba takardun rantsuwar kotu ka ga mutum nawa aka haifa 1 ga Janairu.