Cike rami kaɗai ba zai gyara ƙasar Zamfara ba

Wani labari ya ce wai da zarar an cike ramukan haƙar zinare an dasa itatuwa shikenan ƙasa ta gyaru, ni dai gaskiya ban yarda ba, kuma mai cewa rami ne kawai matsalar, kamar ya manta abin da ya faru a Anka da Bukkuyum a 2010. Yara sama da 400 gubar dalma ta kashe, Allah ya jiƙansu, kuma ba a bakin rami suka kwaso ta ba, cikin gida ne, a kawo duwatsun zinaren masu ɗauke da dalma cikin gida a daka a turmi ko a kai injin niƙa, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Ƙauyen Bagega da ke Anka sai 2013 aka saki kuɗin gyaranta, sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka kai wani wuri aka binne, aka zuba sabuwa, sannan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka fara ba yara magani don ba amfanin a sha magani a koma cikin ƙurar. 2015 kuma abin ya sake ɓulla a Shikira ta jihar Neja. Talaka fa ba zai bar haƙar nan ba tunda da ita yake cefane, to wane wuri aka tanadar masa nesa da gari na niƙa dutsen da ruwa don ƙura ta daina tashi? Kuma wa zai riƙa gwada jinin yaran nan bayan an watse daga taron dashen itace?