Marsandi Ta Sayar Da Doki Ta Riƙe Linzami

Tun da labari ya fito daga Birtaniya a watan Agustan 2025 cewa Volkswagen zai riƙa karɓar fam 16.50 duk wata daga masu motar ID.3 kafin ya sakar musu cikakken ƙarfin motar da suka riga suka saya, mutane ke ta yi wa kamfanin Allah wadai. Ni ba Volkswagen ne ya ɓata mini rai ba. Mai ƙera motar talaka idan ya ga mai ƙera motar sarakuna ya yi abu ya kwana lafiya, koyi zai yi. Haushina yana kan Mercedes-Benz, wadda muke kira Marsandi, domin ita ce ta sa wa wannan ɗabi'a babbar riga har ta zama abin da ake yi ba kunya.

A Nuwamban 2022 kamfanin ya sanar wa masu motocinsa na lantarki samfurin EQE da EQS a Amurka cewa duk mai son motarsa ta ƙara saurin tashi da kusan daƙiƙa ɗaya, ya biya dala 1,200 a shekara. Kafin nan, a 2021, ya yi wa Jamusawa irin haka da tayoyin baya na EQS: suna juyawa digiri 4.5, amma mai son su juya digiri 10 sai ya biya yuro 489 duk shekara. A lura da kyau. Ba wani ƙarfe za a ƙara wa motar ba, ba bakanike za a turo ba. Komai yana jikinta tun daga masana'anta, an ƙera, an ɗaura, mai sayen EQS ya biya fiye da dala 100,000 ya kai gida. Manhaja kawai aka sa ta danne abin, sai an ga kuɗi a sake shi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Masu kare wannan tsari suna cewa zaɓi aka ba mai saye, wai wanda bai buƙata ba sai ya biya ba. Ai ya riga ya biya, tun ranar da aka lissafa masa kuɗin ƙarfen cikin farashi. Wasu kuma suna cewa zamani ne ya zo da haka, mota ta zama kamar wayar hannu. BMW ma ya yi wannan tunanin da ya sa wa ɗumama kujera kuɗin wata, jama'a suka yi masa ca, a Satumban 2023 ya janye.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi shi ne, na san inda sunan Marsandi ya samo asali, kuma ba inda masu tallarta na yau suke nunawa ba ne.

A koma farko. Carl Benz na garin Mannheim ya nemi rajistar mallakar fasahar motarsa mai ƙafa uku a ranar 29 ga Janairun 1886, amma ba wanda ya yarda abin zai yi nisa. Matarsa Bertha ce ta kawar da shakka. A Agustan 1888 ta ɗauki 'ya'yanta biyu maza, ba tare da sanin maigidan ba, ta tuƙa motar zuwa Pforzheim, tafiyar kilomita 106 ko kusa da haka. Mai ya ƙare, ta saya a kantin magani a garin Wiesloch. Bututun mai ya toshe, ta zare allurar hularta ta buɗe shi. Katakon birki ya cinye, ta tsaya wurin baduku ya liƙa masa fata. Tafiyar farko mai nisa a tarihin mota, mai motar ce ta yi gyara da hannunta a bakin hanya da abin da ta samu. A kan wannan aka kafa gidan, tun kafin dillalin mota Emil Jellinek ya sa wa motocin kamfanin Daimler sunan 'yarsa Mercédès, tun kafin kamfanonin Benz da Daimler su haɗe a 1926.

Kuma ba attajirai ne suka raya sunan ba, ko da yake su suka fi shiga hoto da shi. Direbobin tasi ne. Tun da kamfanin ya fitar da 260 D a 1936, motar fasinja mai injin dizal, direban haya na Jamus ya gane cewa ga motar da za ta ci tsada ranar saye ta rama masa cikin shekaru. Samfurin W123 da aka fara a 1976 aka daina a 1986, an ƙera kusan miliyan 2.7, kuma da suka tsufa a Turai sai suka tsallaka teku suka fara sabuwar rayuwa. A Maroko sun shafe shekaru da dama suna jigilar fasinja shida-shida tsakanin garuruwa. Wani direban tasi a birnin Tasalonika na ƙasar Girka, Gregorios Sachinidis, ya yi tafiyar kilomita miliyan 4.6 da 240 D ɗinsa ƙirar 1976, kafin ya miƙa ta ga gidan tarihin kamfanin a 2004. Duk kuɗin da kamfanin ya taɓa kashewa a talla bai kai wannan mota ɗaya aiki ba. Attajirin da ya sayi Marsandi yana saye ne da sanin cewa motar da ta jure wa direban tasi ba za ta ba shi kunya ba.

Mu ma shaida ne, ba labari aka ba mu ba. Babbar motar nan 911 mai gajeren hanci ta yi dakon hatsi da shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu, a kan ƙashinta aka gina yawancin Molue na Legas, kuma a 1980 aka buɗe masana'antar ANAMMCO ta Inugu mai harhaɗa manyan motocin Marsandi. Ga W124, wadda 'yan Najeriya suka laƙaba wa V-Boot saboda siffar murfin but ɗinta. Kawuna ya sayi tasa 'yar Kwatano, ta riga ta ga mai gida biyu a Turai, ya yi shekara goma sha tara da ita. Bakanikensa bai taɓa shiga aji ba, amma da kunne yake gane ciwonta. Da kawu ya gaji da tuƙi ya sayar, kuɗin da ya samu ya isa ya yi wa ɗakuna biyu rufi. Wannan shi ne ma'anar Marsandi a wurinmu: dukiya ce da ake ajiyewa, a mora, a sayar ko a bari a gado.

Ba na cewa tarihin gidan fari ne tas. A zamanin Hitila kamfanin ya ƙera wa gwamnatin Nazi injinan jiragen yaƙi da motocin soja, shi kansa Hitila a Marsandi 770 yake fita gaban jama'a. Kamfanin da bakinsa ya amsa cewa a 1944 kusan rabin ma'aikatansa 63,610 mutane ne da aka tilasta, fursunonin yaƙi da waɗanda aka kwaso daga ƙasashen da aka mamaye da na sansanonin azaba, kuma sai a 1988 ya biya mak miliyan 20, kuɗin Jamus na lokacin, ga ƙungiyoyin da ke kula da waɗanda abin ya shafa. Wannan tabo ne da ba ya goguwa. Amma a duba yadda kamfanin ya sake samun amincewar duniya bayan yaƙi. Injiniyansa Béla Barényi ya ƙirƙiro jikin mota wanda gaba da baya ke lotsewa su shanye ƙarfin karo, ɗakin fasinja ya tsira, aka fara amfani da shi a 1959. A 1978, tare da Bosch, suka kawo birkin ABS wanda ba ya barin taya ta ƙulle. A 1981 suka sa jakar iska a sitiyari. Duk waɗannan abubuwa ne da suka hana mutane mutuwa, kuma daga baya suka gangaro har motar talaka.

Misalin da ya fi dacewa da maganarmu shi ne na 1997. Sabuwar ƙaramar motarsu A-Class ta kife a hannun wani ɗan jarida a Suwidin lokacin gwajin kauce wa dabba a kan hanya. Abin kunya ne babba. Da farko sun so su musanta, sannan suka dawo hayyacinsu, suka tsayar da sayarwa, suka gyara ƙafafun motar, suka sa mata na'urar ESP mai hana santsi, wadda shekara biyu kafin nan sai a mota mafi tsada ake samunta. Kowace A-Class aka sa mata, ba a ce wa mai saye ya ƙara ko sisi ba. Kamfanin da ya ɗauko abin masu kuɗi ya ba ƙaramin mai saye kyauta don ya tsare sunansa, shi ne yau yake kulle wa babban mai saye abin da ya biya.

Kuma wannan ba shi ne karo na farko da masu lissafi suka ƙwace ragama daga hannun injiniyoyi ba, mun ga inda ta kai su. Bayan Toyota ya fito da Lexus LS 400 a 1989, mota mai inganci da araha, hankalin Stuttgart, hedikwatar Marsandi, ya tashi, aka shiga rage kuɗin ƙira. E-Class mai fitilu zagaye da ta gaji V-Boot a 1995 ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa. Shugaban kamfanin na lokacin, Jürgen Schrempp, ya haɗa shi da Chrysler na Amurka a 1998 a cinikin dala biliyan 36, aka yi ta guɗa, a 2007 aka sayar da kashi 80 na Chrysler a kan kusan dala biliyan 7.4. A 2005 sai da aka janye motoci miliyan 1.3 saboda matsalolin birki da wayoyin lantarki. A 2019 masu gabatar da ƙara na Stuttgart suka ci kamfanin tarar yuro miliyan 870 kan badaƙalar hayaƙin dizal, shekara guda bayan nan ya amince ya biya hukumomin Amurka dala biliyan 1.5. Duk lokacin da aka taɓa inganci ko gaskiya don riba ta yi kyau a takarda, asarar da ta biyo baya ta ninka abin da aka tara. Da me aka tsira a kowane karo? Da tsohon suna. Da tsohuwar zuma aka yi ta magani, ita kuwa zuma ƙarewa take idan ba a sake kafa amya ba.

Shugaban kamfanin na yanzu, Ola Källenius, bai ɗauki darasin ba. A Mayun 2022 ya shelanta cewa Marsandi za ta karkata ga masu hannu da shuni, za a rage ƙananan samfura daga bakwai zuwa huɗu, a zuba yawancin jari a manyan. Aka daina fitar da E-Class ta tasi daga masana'anta, wato aka sallami direban da ya yi wa gidan talla shekara tamanin ba albashi. Aka maye gurbinsa da gilashin allo mai faɗin santimita 141 daga wannan ƙofa zuwa waccan. To allo kowa na iya yi. Kamfanonin Sin suna yin manyan allo irinsa da araha, kuma matasan Shanghai sun gane haka. Alƙawarin 2021 na komawa lantarki zalla nan da 2030 an janye shi a Fabrairun 2024, ribar wannan shekarar ta faɗi da kashi 28. Abu ɗaya da ɗan Sin ba zai iya ƙerawa cikin shekara biyar ba shi ne amanar shekara ɗari, ita kuma ake yanka ana sayarwa a kan kuɗin shekara.

Akwai wanda ba a taɓa tunawa da shi a ɗakin taron Stuttgart, shi ne mai gida na uku. Motar da aka saya sabuwa a Munik yau, nan da shekara goma sha biyu za ta hau jirgin ruwa a Antwerp ta sauka Kwatano, ta ƙarasa Maraɗi ko Kano ko Kumasi. Darajarta a wannan kasuwa ita ce ke riƙe farashinta a kasuwar Turai, domin wanda ya san zai sayar da tsada shi ke yarda ya saya da tsada. Wa zai biya kuɗin shekara a Damagaram? Da wane kati? Idan kamfani ya rufe kwamfutar da ke ba wa motar izini fa? Ba hasashe nake yi ba: a 2022 da kamfanonin sadarwa na Amurka suka kashe 3G, motoci masu yawa na kamfanoni daban-daban sun wayi gari wasu ayyukansu sun mutu, alhali ba abin da ya lalace a jikinsu. Motar da rabin amfaninta ke hannun wani a wata nahiya, haya aka ba ka, sai dai an karɓi kuɗin saye.

Gyaran ba mai wuya ba ne. Wasu 'yan majalisar jihar New Jersey sun gabatar da ƙuduri a 2022 na hana karɓar kuɗin wata a kan ƙarfen da ya riga ya zo jikin mota, kuma Tarayyar Turai, wadda ta iya tilasta wa Apple sauya bakin caja, ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba. A bar kamfani ya karɓi kuɗi a kan taswira da intanet da duk abin da yake ci gaba da kashe wa kuɗi. Abin da aka ɗaura da noti kuwa na mai mota ne, shi da duk wanda ya sayar wa. Marsandi ma ba sai ta jira doka ba, saƙo ɗaya daga kwamfutarta ya isa ya buɗe kowace EQS da ke kan hanya.

Idan ta ƙi, motocin za su iso mana duk da haka. Yaran da ke gyara a Ƙofar Ruwa da Panteka sun riga sun ajiye sifana sun ɗauki kwamfuta, kuma za su buɗe abin da aka kulle, su karɓi kuɗin aikinsu sau ɗaya. Ranar da lauyoyin kamfanin suka tashi kiran wannan sata, ni ina bayan yaran da mai motar da ya kawo musu aiki.