Kullen korona, sukarin ɗana, da maganar Yaya

Wata ma'aikaciyar jinya ce a nan Lesta, a Ingila, ta tambaye ni a gaban ɗana Abba: "Awa nawa yake yi a waje kullum?" Na rasa abin cewa. Shekararsa 14, gwajin jini ya nuna sukarinsa ya haura, bai kai ciwon suga ba tukuna amma saura ƙiris. Ta nuna mini baƙin da ya kewaye bayan wuyansa, wanda mahaifiyarsa ta daɗe tana dirzawa da soso a zaton dauɗa ce. Ashe alama ce jiki ya fara daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini.

Da na kira Yaya a Argungu, buɗar bakinsa sai ya ce, "Ai ku kuka kulle yara kamar kajin gidan gona." Maganar ta ƙona mini rai, domin bai san yadda muka zauna ba.

Gidanmu irin jerarrun nan ne, bango manne da bango, filin bayansa bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba. Ranar 23 ga Maris 2020 aka kulle ƙasar baki ɗaya, fita motsa jiki sau ɗaya tak a rana, lilon yara ma an ɗaure shi da igiya. A ƙarshen Yuni, ana sassauta wa sauran garuruwa, mu aka sake kulle mu. Lesta ce birni na farko da aka yi wa haka. Janairu 2021 aka sake rufe makarantu cikin tsananin sanyi, lokacin da duhu ke shiga tun ƙarfe huɗu da 'yan mintuna. Darasi a kwamfuta a kan gado, firiji ga shi nan kusa, biskit da lemon kwalba ba sa yankewa, abinci kuwa mai babur ne zai ajiye a bakin ƙofa ya ja da baya. A nan Ingila ana auna nauyin 'yan ajin farko da na ƙarshe na firamare duk shekara. Kafin kulle, kashi 21 cikin 100 na 'yan ajin ƙarshe ke da ƙiba mai yawa. A shekarar karatu ta 2020/21 suka haura kashi 25. Ƙiba da zaman wuri ɗaya su ke share wa nau'i na biyu na ciwon suga hanya, wanda a da dattawa aka sani da shi.

A gida ma an rufe makarantu, na sani. To amma wa ya isa ya hana yaron Argungu fita? Kwanaki kaɗan kafin kullenmu aka yi bikin kamun kifi a Matan Fada, ina kallo a waya ina share hawaye. 'Ya'yan Yaya ba su fasa zuwa aike ba, ba su fasa korar tsuntsaye a fadamar shinkafa ba, da dare ga langa a ƙofar gida. Tuwo suka ci, gumi ya fitar da shi.

Ba na ɓoye cewa akwai nau'i na ɗaya, wanda garkuwar jiki ce ke lalata abin da ke samar da insulin, babu ruwansa da ƙiba. Yaro ya yi ta ƙishirwa da yawan fitsari yana ramewa, a ƙauyukanmu a ce sammu ne. Ko an gano, insulin sai da firiji, ga halin wuta. A nan kuwa kyauta ake ba yara, har da ɗan maɓallin da ake liƙawa a damtse yana aika awon suga zuwa waya. Wannan abin yabo ne, amma ni da a ba ɗana magani kyauta gara ya tashi inda ƙafarsa ba ta hutawa, inda kowane babba a unguwa zai iya aikensa.

Abba ya rage nauyi yanzu, muna zagaya fili tare bayan Asuba. Sai dai ranar Juma'ar da ta wuce Hajiya ta ce a ba ta shi a waya. "Abba, ina gajiya?" Ya dube ni, bai san amsar ba, ya miƙo mini wayar. Ta yi shiru, sannan ta ce in kawo mata jikanta ya yi damina ɗaya a wurinta tun tana da ƙarfin dama masa fura. Na ce to, Hajiya, in Allah ya yarda.